Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Tabbatar da Ingancin Gidan da Ake Gina Maka

Waɗannan tambayoyi ne da masu gina gida ke yawan maimaitawa, tun daga ranar da aka kafa turke har ranar karɓar makulli. Alƙaluman da ke ciki na gidan zama ne na yau da kullum, na ƙasa ko bene hawa ɗaya. Inda suka saɓa da abin da injiniyanka ya rubuta a zane, maganarsa ce a gaba, domin shi ya ga filinka.

1. Ban san komai a harkar gini ba. Ta ina zan fara gane aiki mai kyau?

Ka fara da sanin cewa duk abin da ido ke gani a gidan da aka gama, wato fenti da tayil da silin da ƙofofi, shi ne mai sauƙin gyara. Abubuwan da ke riƙe da gidan kuwa a ɓoye suke: tushe yana ƙarƙashin ƙasa, rodi yana cikin kankare, bututu da wayoyi suna cikin bango, katakon rufi yana bayan silin. Da zarar an rufe su, ba mai sake ganinsu sai an fasa. Mai ha'inci ya san haka, shi ya sa ba a fenti yake yin nasa ba.

Saboda haka ba sai ka tare a wurin gini ba. Abin da ake bukata shi ne ka kafa doka ɗaya tun kafin a sari ƙasa: ba a rufe komai sai an duba, an ɗauki hoto, an amince. Lokutan su ne bayan haƙa ramin tushe kafin a zuba kankare, bayan cike ƙasa kafin a zuba daɓe, bayan ɗaure rodi kafin kowane zubi, bayan wayarin da aikin famfo kafin filasta, sai bayan ɗora katakon rufi kafin a buga silin. Tun ran gini ran zane. Sauran amsoshin da ke ƙasa bayani ne na abin da ake dubawa a waɗannan lokuta.

2. Mai zane, injiniya, ɗan kwangila da magini, ba duk aiki ɗaya suke yi ba?

A'a. Mai zanen gini shi ke tsara fasalin gida: ɗakuna, hanyar iska da haske, inda ƙofa da taga za su zauna. Injiniyan gini shi ke lissafin nauyi, ya faɗi zurfin tushe, girman ginshiƙi, yawan rodi da kaurinsa. Ɗan kwangila shi ke haɗa ma'aikata da kaya ya aiwatar, magini kuma shi ke riƙe da cokali. Gogaggen magini na iya fin sabon injiniya sanin yadda ake jera bulo, amma shekarunsa a aiki ba za su gaya masa rodi nawa dekin mai faɗin mita 5 ke bukata ba. Wannan lissafi ne, ba a yin sa da ido. Idan gidanka na da bene, ko dekin, ko ɗaki mai faɗi sosai, kada a fara sai da zanen injiniya mai rajista, da sa hannunsa a kai, da kuma izinin hukumar da ke kula da gine-gine a inda kake.

3. Tunda na amince da ɗan kwangilata, dole ne in ɗauki wani mai duba aiki?

E, kuma wannan ba zargi ba ne. Ribar ɗan kwangila tana cikin abin da ya rage bayan ya sayi kaya ya biya ma'aikata, don haka duk buhun siminti da aka rage riba ce gare shi. Ko mai gaskiya ne, ba kowane lokaci yake wurin ba, leburori kuma so suke su gama su tashi. Mai duba aiki ya zama injiniya ko ƙwararren ma'aikacin gini wanda kai ka nemo, kai kake biya, kai yake ba wa rahoto. Wanda ɗan kwangila ya kawo maka, komai takardunsa, na ɗan kwangila ne.

Ba sai ya zo kullum ba. Ya halarci lokutan da aka ambata a amsa ta 1, ya tsaya a ranakun zubi daga farko har ƙarshe, sannan a rubuta a yarjejeniya cewa yana da ikon tsayar da aiki.

4. Yaya zan zaɓi ɗan kwangila?

Kada ka tsaya ga hotunan da zai nuna maka a waya, domin kowane gida kyakkyawa ne ranar da aka gama fenti. Ka nemi ya kai ka gidan da ya gina shekara 3 zuwa 5 da suka wuce, ka dubi ƙasan bango ko akwai danshi, ka dubi kusurwar tagogi ko akwai tsaga, ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi yadda suka rabu. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: da matsala ta taso bayan an gama, ya dawo ya gyara? Sannan ka leƙa wani aikin da yake kan yi ba tare da ka sanar da shi ba. Yadda aka ajiye siminti da yadda ake awon kwaɓi za su gaya maka abin da bakinsa ba zai faɗa ba.

Ka karɓi farashi daga mutum 3 a kan zane guda, kowa ya rarraba nasa dalla-dalla: buhu nawa, rodi nawa, ladan aiki nawa. Wanda ya yi ƙasa da sauran da nisa, ka binciki abin da ya cire. Sau da yawa ko dai ya rage kaya, ko yana shirin dawowa neman ƙari bayan aiki ya yi nisa, lokacin da korarsa ta fi riƙe shi tsada.

5. Me ya kamata a rubuta a yarjejeniya, kuma yaya zan riƙa biya?

A haɗa zane da jerin kaya a jikin yarjejeniyar, a faɗi ajin siminti, kaurin rodi, ma'aunin kwaɓi, kaurin kwano da nau'in waya. Kalmar "mai inganci" ba ta da amfani a takarda, lamba ake rubutawa. A sa ranar farawa da ta gamawa, da abin da zai biyo baya idan an makara, da cewa aikin da bai dace da zane ba ɗan kwangila zai rushe ya sake da kuɗinsa.

A wajen biya, kada kuɗinka ya riga aiki. Ka ba da kafin alƙalami daidai abin da zai isa a fara, sauran kuma a biya mataki-mataki: tushe, bango zuwa linta (kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga), dekin ko rufi, filasta, kammalawa. Kowane biya sai mai duba aiki ya sa hannu cewa matakin ya yi. A manyan kwangiloli a ƙasashe da dama ana riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin, ba a sakin ragowar sai an cika wa'adin gyara, wata 6 zuwa shekara 1 bayan miƙa gini. Babu abin da ya hana mai ƙaramin gida yin haka. Ka tabbata wa'adin ya haɗa da lokacin ruwan sama cikakke, domin ruwa ne ke tona yawancin aibu.

6. In sayi kaya da kaina ko in bar wa ɗan kwangila?

Kowanne da haɗarinsa. Idan kai ka saya, ka san abin da ya shigo, amma ba ka san abin da ya fita da dare ba, kuma in aiki ya ɓaci za a ce kayanka ne. Idan shi ya saya, alhaki na kansa, amma ƙofar algus a buɗe take. Mafita ita ce, ko wa ya saya, a ƙirga kaya a duba su ranar da suka sauka, a rubuta a littafi abin da ya shigo da abin da aka yi amfani da shi kowace rana. Yadda ake duba su yana amsa ta 8 da ta 9.

7. Gwajin ƙasa dole ne? Maƙwabcina bai yi ba, gidansa kuma yana tsaye.

Ƙasa na iya bambanta tsakanin fili da fili, har ma a cikin fili guda. Wani wurin tsohon rami ne ko juji da aka cike, wani baƙar laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa ta tsuke idan ta bushe, wani kuma ruwa na kusa da sama. Gwaji shi ke nuna nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka da irin tushen da ya dace. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, an ɗora ta ne a kan tushe mai zurfin kusan mita 3 cikin ƙasa mai laushi, ta fara karkata tun ba a gama ta ba. Sai tsakanin 1990 da 2001 injiniyoyi suka daidaita ta ta hanyar zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren da ya ɗaga. Gidan zama ba zai samu irin wannan gata ba. Idan bene ne, ko filin na kusa da fadama, ko an taɓa cike shi, gwaji wajibi ne. Ƙaramin gidan ƙasa a tsandauri kuwa, aƙalla a haƙa ramukan gwaji injiniya ya gani.

A tushen kansa, ka fara da awo. Kusurwa tana daidai idan aka auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba da mita 5 cif. Haka kuma igiyoyi biyu da aka ja daga kusurwa zuwa kishiyarta dole tsawonsu ya zo ɗaya. Ramin ya kai ƙasa mai tauri, ba ruwa kwance, ba sako-sakon ƙasa a gindi. Cikon da ake yi a cikin ɗakuna a zuba shi hawa-hawa, kamar santimita 15 kowane hawa, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara. Tirela guda da aka juye aka baje sama-sama ita ce ke sa daɓe ya lotsa bayan shekara biyu. Kafin zuba daɓe a fesa maganin gara, a shimfiɗa ledar hana danshi ba tare da huji ba, kuma daɓen ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15.

8. Yaya zan gane siminti, yashi da tsakuwa masu kyau?

Buhun siminti yana ɗauke da lamba, galibi 32.5 ko 42.5 ko 52.5, wadda ke nuna ƙarfin da zai kai bayan kwana 28. Ka tabbata wanda aka kawo shi ne wanda injiniya ya rubuta. Ka dubi ranar da aka yi shi, domin siminti na rage ƙarfi da ajiya, kuma an fi so a yi amfani da shi cikin wata 3. Ka sa hannu cikin buhu: garin ya zama mai laushi, dunƙulen da ka samu ya murmushe tsakanin yatsu. Wanda ya yi tauri ya riga ya sha danshi, ba a kai shi ginshiƙi ko dekin. A ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu 10.

Yashi kuma laka ce abokiyar gabarsa, don tana hana siminti kama ƙwayoyin. Ka zuba yashi har rabin kwalba mai haske, ka ƙara ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta 'yan awoyi. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta yi layi a samansa. Idan layin ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na tsayin yashin, a wanke shi ko a mayar. Tsakuwa ta zama mai tauri, mai kusurwoyi, ba ƙura ba ƙasa. Ruwan kwaɓi ya zama mai tsabta irin wanda za a iya sha. Ruwan gishiri na sa rodi tsatsa daga ciki.

9. An ce ana rage kaurin rodi. Yaya zan kama wannan, kuma me zan duba kafin zubi?

Sikeli ne ke kama shi. Rodi mai milimita 12 nauyinsa kusan kilo 0.89 ne a kowace mita, wato sanda mai tsawon mita 12 za ta kai kilo 10.7. Mai milimita 16 kilo 1.58 ne a mita, kusan kilo 19 a sanda, mai milimita 10 kuma kusan kilo 7.4 a sanda. Ka yanki mita ɗaya ka auna. Idan ya gaza da yawa, ba kaurin da ka biya aka kawo maka ba. Ka sa a lanƙwasa guntu: rodi mai kyau ba ya tsagewa a gwiwar. 'Yar tsatsar sama ba komai, amma wadda ke ɓarewa, ko mai da fenti a jiki, sai an goge.

Bayan an ɗaure, a ɗauki zane a hannu a ƙirga: sanda nawa a ginshiƙi, tazara nawa tsakanin zobban da ke ɗaure sandunan, tazara nawa a ragar dekin. Inda aka haɗa sanda biyu, su haɗu da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 40 zuwa 50, wato kusan santimita 60 ga mai milimita 12, kuma kada duk haɗin ya taru a wuri guda. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ratar da ke tsakanin rodi da katako. Dole kankare ya lulluɓe rodi ta ko'ina: kusan milimita 20 zuwa 25 a dekin, har zuwa 40 a ginshiƙi, 50 ko fiye a tushe. Ana samun wannan ne da ƙananan guntayen kankare da ma'aikata ke kira biskit, waɗanda ake sawa ƙarƙashin rodi. Rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓantare kankaren.

A baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi, babban rodi a sama yake zama, ba a ƙasa ba. Idan ma'aikata suka tattake shi ya sauka lokacin zubi, barandar ta rasa abin da ke riƙe ta, ko da ba a rage sanda ko ɗaya ba.

10. Me zan sa wa ido a ranar zubi?

Awo da ruwa. Kwaɓin da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, sai dai in injiniya ya rubuta wani. Buhu mai kilo 50 kusan lita 35 ne, don haka yana ɗaukar yashi lita 70 da tsakuwa lita 140. A yi awon da akwati ko kwanon sarki guda, a shafe bakinsa, ba da shebur ba, ba kuma da baro mai tozo ba. Ka sa injiniya ya lissafa buhunan da zubin zai ci, da yamma ka ƙirga buhunan da aka zazzage.

Ruwa shi ne inda aka fi cutar kankare ba tare da an saci komai ba. Tun 1918 injiniyan Amurka Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare na raguwa gwargwadon yawan ruwan da aka zuba wa siminti. Buhu ɗaya kusan lita 25 yake bukata, har da danshin da ke jikin yashi. Leburori kuwa sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka da bajewa. Ana gane wannan da gwajin mazurari: a cika mazurarin ƙarfe mai tsayin santimita 30 da kwaɓi, a zare shi, a auna yadda tulin ya sauka. Idan ya baje gaba ɗaya, ruwa ya yi yawa.

A yi amfani da injin girgiza, wanda ake kira foka, don fitar da iska, musamman a ginshiƙi da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin. Kada a jefo kankare daga tsayin da ya wuce mita 1.5, domin tsakuwa za ta rabu da sauran. Kwaɓin da ya fara daskarewa a zubar da shi, ba a farfaɗo da shi da ruwa. Ga dekin, ka nemi a ɗebi samfur a ƙananan akwatuna masu santimita 15, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Wannan takarda ita ce hujjarka in rigima ta taso (duba amsa ta 16).

11. Kwana nawa za a yi ana ba kankare ruwa, kuma yaushe ake cire katako?

Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwar siminti da ruwa ce ke taurara shi, kuma in ruwa ya ƙafe da wuri aikin ya tsaya. Aƙalla kwana 7 ya zauna a jiƙe dare da rana, a wuri mai zafi ko iska gara a kai 10 zuwa 14. Watsa ruwa sau ɗaya da safe ba ban ruwa ba ne. A dekin a yi ɗan kewaye da kwaɓi a tare ruwa a kai, ginshiƙai kuma a naɗe su da buhun algarara a riƙa jiƙawa. A kwana 7 kankare na kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ma'aunin cikakken ƙarfi kuwa kwana 28 ne.

Katakon gefen ginshiƙi ana iya cire shi bayan kwana 1 zuwa 2. Tokaran da ke ƙarƙashin dekin su kai kwana 7 zuwa 14 gwargwadon faɗinsa, na bim kuma 14 zuwa 21. Kafinta zai matsa a cire da wuri saboda yana bukatar katakon a wani aikin. Wannan matsalarsa ce. Kada kuma a jibge bulo ko yashi a kan sabon dekin.

12. Bulo da bango fa?

Ka ɗaga bulo zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri: mai kyau ba ya tarwatsewa. Ka karce shi da ƙusa, in yana zuba kamar ba siminti a ciki, a mayar. Bulon da aka buga jiya ba na ɗorawa yau ba ne, shi ma sai ya sha ruwa na kwanaki ya yi ƙwari. A bango, layukan tsaye kada su haɗu a jere, kwaɓin tsakani ya zama kusan santimita 1 kuma ya cika, a riƙa duba miƙewa da igiya mai nauyi. Linta ta hau bango da aƙalla santimita 15 kowane gefe. Bangon da ya karkace, filasta mai kauri ake rufe shi da ita, ita kuma daga baya ta saki.

13. Ina so in canza wani abu bayan an fara. Akwai laifi?

Canza launin fenti ko tayil ba komai. Amma matsar da ginshiƙi, faɗaɗa ɗaki, fasa bim don bututu ya wuce, ɗora babban tankin ruwa a dekin (lita 1,000 tan ɗaya ce), ko ƙara hawa, duk sai an koma wurin injiniya ya sake lissafi ya rubuta. A nan sau da yawa mai gida ne ke jawo ɓarna, ba ɗan kwangila ba. Kantin Sampoong na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wanda ya rufta ranar 29 ga Yuni 1995 ya kashe mutum 502, an sauya masa manufa ana cikin gini, aka cire wasu ginshiƙai, aka ƙara hawa na biyar. Ginin Rana Plaza na Bangladesh, da ya faɗi ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum 1,134, an ƙara masa benaye ba izini, aka ɗora masa injuna masu nauyi. Idan kana da niyyar ƙara bene nan gaba, ka faɗa tun a zane a yi tushe da ginshiƙai daidai da haka.

14. Me ake dubawa a wayarin da aikin famfo kafin filasta?

A toshe bututun ruwa, a cika su, a matsa musu da famfon gwaji, a bar su a ga ko ma'auni zai sauka. Ɗigo ɗaya a cikin bango ya isa ya ɓata ɗaki. Bututun ƙazanta mai milimita 100 ya samu gangare kusan santimita 2.5 a kowace mita. Banɗakin da ke bene a shafa masa maganin hana yoyo, a tare ruwa a ciki awa 24 zuwa 48, a dubi ƙasan dekin kafin a sa tayil.

A wuta, inda ake amfani da bolt 220 zuwa 240, an saba da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 zuwa 6 ga na'urar sanyaya ɗaki, hita da murhun lantarki. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: in ciki ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. A kafa sandar da ke kai wuta ƙasa, a sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zurara. Kafin a shafe bango, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da tef a jiki, don gobe mai huda bango ya san inda waya ta bi.

15. Ina zaune nesa da wurin ginin. Ɗan'uwana zai iya kula mini?

Zai iya ƙirga buhu ya ga ko ma'aikata sun fito, amma in ba sana'arsa ba ce, ba zai gane rodin da aka sa a juye ba. Ka raba aikin gida uku: mai gini daban, mai duba inganci daban, mai riƙe kuɗi daban. Haɗa su a hannun mutum ɗaya, ko wane ne shi, shi ke ɓata gini ya ɓata zumunci. Ka nemi bidiyo kai tsaye maimakon hoto, kana cewa a juya nan, a sa tef a can. Ranakun zubi kuwa, in akwai hali, ka zo da kanka.

16. Na ga aibu, ɗan kwangila ya ce filasta za ta rufe. In yarda?

Za ta rufe, shi ne ma matsalar. Idan an cire katako ka ga ramuka kamar saƙar zuma a jikin ginshiƙi, ko rodi a fili, kada a shafa komai sai injiniya ya gani. Na sama-sama ana farfasa shi a cike da kwaɓin gyara na musamman, mai zurfi kuwa wani lokaci sai an rushe. In ana shakkar ƙarfin kankare, akwai gudumar gwaji da ake danna wa jikinsa, akwai kuma yanko samfur a kai ɗakin gwaji. Ka rubuta ƙorafinka, ka haɗa da hoto da kwanan wata, ka dakatar da biyan wannan mataki kamar yadda amsa ta 5 ta tanada. Ba sai an ɗaga murya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ma'aikacin kirki ya san haka.

17. Wace tsaga ce ta banza, wace ce ta haɗari?

Siraran tsagogi a fuskar filasta, waɗanda farce ba ya shiga, yawanci daga bushewa ne, fenti na maganinsu. Wadda za ta dame ka ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai bin layin bulo hawa-hawa, mai faɗi a gefe ɗaya fiye da ɗayan, ko wadda ake gani ciki da waje. In ta kai milimita 5, ko ƙofofi suka fara cijewa, tushe na motsi (duba amsa ta 7). Ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, ka ga ko tana ƙaruwa. Tsaga a ginshiƙi, bim ko ƙasan dekin kuwa ba a jira da ita. A Rana Plaza an ga tsagogin kwana ɗaya kafin ginin ya faɗi, aka ce mutane su koma aiki.

18. An ce an gama. Me zan yi kafin in karɓi makulli?

Ka zo da rana tare da mai duba aikinka, da takarda da biro. Ku buɗe ku rufe kowace ƙofa da taga, ku gwada kowane soket da makunni, ku buɗe famfuna gaba ɗaya ku ga ƙarfin ruwa da yadda yake wucewa. Ku zuba bokitin ruwa a banɗaki da baranda: ya nufi magudana, kada ya kwanta ko ya nufi ɗaki. Ku ƙwanƙwasa tayil da filasta, duk inda ya yi ƙarar fanko bai kama ba. A leƙa cikin silin a ga ko haske na shigowa ta kwano, ko katako ya sha maganin gara, ko an ɗaure rufin da jikin gini yadda iska ba za ta yaye shi ba. A waje, ƙasa ta gangara daga jikin bango, ruwan indararo kuma ya zuba nesa da tushe.

Duk abin da kuka samu a rubuta, ku biyu ku sa hannu, a sa ranar gyara. Ka karɓi zanen da ya nuna yadda aka gina a zahiri tare da duk canjin da aka yi, da sakamakon gwajin ƙasa da na kankare, da takardun garanti na kaya, da shaidar kammalawa daga hukuma inda ake bayar da ita. Kuɗin da ka riƙe kuma ya ci gaba da zama a hannunka har wa'adin gyara ya cika, ku sake zagaya gidan tare sannan ka biya.